Ka Yarda da Wa? Magana a kan Maɓallin da Muke Dannawa Ido Rufe

Hutun damina da ya wuce ina gida Sarkin Yamma, wani ƙanena, ɗan ƙanen babanmu, da ke koyon ilimin kwamfuta a Maraɗi, ya zo mini da kile a aljihu. Ya ce wani babbansu ya ba su samfurin aiki, wato dosiye da aka riga aka tsara komai a ciki, kai dai ka buɗe ka zuba naka kod. Muka zauna a zaure, muka jona kwamfutar da batirin sola, ya buɗe dosiyen cikin VS Code. Sai ƴar taga ta fito tsakiyar allo da rubutu. Kafin in gama karanta layin farko, yaro ya riga ya danna shuɗin maɓalli, taga ta ɓace.

Na ce, "Kai, mi ta ce?"

Ya ce, "Yaya, ai kullum haka take yi. Babbanmu ma ya ce mu cire ta gaba ɗaya, ɓata lokaci ce."

Da wanga babban nasu nake faɗa a cikin rubutun nan, shi da duk ire-irensa da ke cikin ɗakunan kwananmu da ajujuwanmu: gwanayen da ke koya wa ƙannensu kashe gargaɗi kafin su koya musu karanta shi. Ban san sunansa ba, ba na kuma buƙatar sani. Na san halin, don ni ma na taɓa yin sa.

Bari in fara da abin da tagar ke tambaya, tunda da yawanmu mun danna ta sau ɗari ba mu taɓa karanta ta ba. Tun tsakiyar 2021, daga siga ta 1.57, kamfanin Microsoft ya sa VS Code ya riƙa tsayar da kai duk lokacin da ka buɗe dosiyen da bai sani ba, ya tambaye ka ko ka yarda da waɗanda suka rubuta abin da ke ciki. In ka ce i, komai ya buɗe. In ka ce a'a, sai ya bar ka cikin yanayin taƙaitawa: kana iya karanta kod, kana iya gyara shi, amma ayyukan da ke tashi da kansu, da gwajin kod, da wasu ƙarin manhajoji, duk an ɗaure su.

Mi ya sa? Saboda samfuri ba takarda ba ce. Mu ƴan adabi da harshe mun saba ɗaukar fayil kamar shafin littafi, abin da ke kwance sai ka karanta shi. Dosiyen kod yana iya zuwa da wani ɗan dosiye a ciki mai suna .vscode, a cikinsa akwai fayil irin tasks.json da settings.json. Waɗannan suna iya ba kwamfuta umarni, har da umarnin da zai tashi da zarar an buɗe dosiyen. Umarnin nan kuwa da ikonka yake aiki. Abin da kake iya yi a kwamfutarka shi ma yana iya yi: ya karanta fayilolinka, ya goge su, ya kwashi kalmomin sirrin da ka ajiye, ya aika su wani wuri in akwai intanet. Baƙo ne da ke shigowa da hannuwa, taga kuwa ita ce sallamar da yake yi a bakin ƙofa. Babban su ƙanena ya koya musu su cire ƙofar don sallama ta dame su.

Wani zai ce tsoro ne kawai nake ba mutane. To a duba abin da ya riga ya faru. A watan Janairu na 2021, masu binciken tsaro na Google suka bayyana cewa wasu masu kutse da ke da alaƙa da gwamnatin Koriya ta Arewa sun daɗe suna ƙulla abota da ƙwararrun tsaron kwamfuta a Twitter. Sai da aka saba, aka yi hira, aka yi musayar ilimi, sannan suka ce, zo mu yi aiki tare, ga dosiyen aikin. Dosiyen na Visual Studio ne, an ɓoye umarni a cikin matakan harhaɗa shi. Wanda ya harhaɗa, ya buɗe wa ɓarawo gida. Ku lura da waɗanda aka yi wa wanga tarko: mutanen da sana'arsu ke nan gano tarko. Balle mu da muka fara rubuta kod bara.

Abin kuma ya girmi yawancinmu. A watan Maris na 1999 ƙwayar cutar kwamfuta da ake kira Melissa ta bazu a duniya ta cikin fayil ɗin Word. Ka buɗe, ka bar ƴan umarnin da ke cikinsa su yi aiki, sai ta shige samfurin da Word ke gina kowace sabuwar takarda a kansa, ta kuma aika kanta zuwa ga mutum 50 na farko da ke cikin adireshinka. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne saƙon yana zuwa da sunan wanda ka sani. Ba wanda ya buɗe don ya yarda da David Smith, mutumin Amurka da ya rubuta ta, wanda daga baya aka ɗaure wata 20. Kowa ya buɗe ne don ya yarda da abokinsa.

A nan ne nake so in sa hular karatuna, don matsalar ta harshe ce tun kafin ta zama ta na'ura. Turanci ya yi tambayar da kalma guda, trust, Faransanci ya ce confiance. Bahaushe kuwa ya rarraba wurin nan gida-gida. Akwai sani: na san shi, ɗan unguwarmu ne. Akwai yarda: na yarda da maganarsa, ba ya ƙarya. Akwai amincewa: hankalina ya kwanta da shi. Sannan akwai amana, wadda ita abu ce da kake ɗauka ka danƙa a hannun wani, ka juya baya. Kana iya sanin mutum ba ka yarda da shi ba. Kana iya yarda da gaskiyarsa ba ka ba shi ajiyar hatsinka ba, don ka san rumbunsa na yoyo. Tagar nan amana take tambaya, mu kuwa da sani muke amsawa. Tana cewa, ka danƙa wa dosiyen nan duk abin da ke cikin kwamfutarka? Mu kuma muna cewa, ai na san wanda ya ba ni.

Sannan ku dubi wanda ake tambaya a kansa. Tagar ba ta ce wanda ya miƙo maka kile ba. Ta ce waɗanda suka rubuta, jam'i. Ƙanena ya san babbansu. Babbansu a ina ya samo? Da na matsa masa, ya ce kamar wani ne ya turo masa a WhatsApp, shi kuma ya sauko da shi daga intanet. Daga wa? Shiru. Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure ya san wanga ciwo da sunansa. Malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da cewa wanda ya faɗa mini mutumin kirki ne ba. Sai sun bi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, har tushe. In aka iske mutum guda a tsakiya da ba a san ko wane ne ba, maganar ta raunana, ko da na farko da na ƙarshe waliyyai ne. Mun gaji wannan ilimi fiye da shekara dubu, muna ji da shi a masallaci, amma da mun zauna gaban allo sai mu karɓi ruwayar da ba ta da isnadi ko ɗaya, mu ba ta makullin ɗaki.

Akwai abu na uku da muka karanta a aji. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wurin ɗaurin aure. In waliyyi ya ce "na bayar", wakili ya ce "na karɓa", a gaban shaidu, aure ya ɗauru. Ba mai tashi daga baya ya ce ai da wasa na faɗa, sauri nake. Maɓallin "na yarda" irin wagga magana ce. Ba ra'ayinka ake tambaya ba. Kana dannawa, abu ya ɗauru, umarni ya tashi, kuma babu saki a ciki: fayil ɗin da aka kwashe an kwashe shi.

Yanzu bari in saurari masu gardama, don na sha jin su, kuma ba duka maganarsu ce banza ba.

Na farko ya ce, "Mi gare mu da za a sata? Mu talakawa ne, wa ya damu da kwamfutar ɗalibi a Maraɗi?" Amsa ita ce mai shimfiɗa tarko bai san sunanka ba, bai kuma buƙata. Taru yake jefawa, kamar masunta a tabkin Madarunfa, abin da ya kama ya kama. Kuma wa ya ce ba ka da komai? Kana da akwatin imel da ake aiko maka lambar sirri ta kowane asusu. Kana da Facebook ɗin da za a yi amfani da shi a roƙi ƴan uwanka kuɗi da sunanka. Kana da hotunan ƙannenka mata. Kana da memwar ɗin da ka yi wata takwas kana rubutawa, kwafi guda tak.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Wata abokiyar karatuna ta yi makonni tana yawo ƙauyukan da ke gefen gulbi tana ɗaukar muryoyin tsofaffin mata, tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da na niƙa, don aikinta na ƙarshen karatu. Aka ba ta samfurin Word da aka ce an tsara shi daidai yadda ake son memwar. Ta buɗe, gargaɗi ya fito a saman shafi, na kusa da ita ya ce danna kawai. Ta danna. Kwana biyu bayan haka fayilolinta suka ƙi buɗuwa, har da muryoyin, don duk a wuri guda suke. An yi ta kai kwamfutar wurin masu gyara, aka ceto kaɗan. Da ta koma ƙauye don ta sake ɗauka, ɗaya daga cikin tsofaffin, wadda ta fi kowa sani, Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta. Abin da ke cikin kanta ya tafi da ita, kwafin da ya rage a duniya kuwa ya tafi da dannawa guda. Wanda ya ce ba mu da abin sata, ya je ya faɗa wa wannan yarinya.

Na biyu ya ce, "To ai har samfurin da na rubuta da hannuna sai ta tambaye ni ko na yarda da shi. Wannan ba raini ba ne?" Wanga na ji zafinsa, don ni ma ya same ni. Ina da ɗan samfurin da na haɗa don ƙirga kalmomi a rubutun Hausa, wanda ke gane ɓ da ɗ da ƙ da ƴ bai mayar mini da su akwatuna ba. Na kwafe shi zuwa sabon wuri, taga ta fito tana tambayata ko na yarda da kaina. Na yi tsaki. Amma da na huce na gane na'ura ba ta san hannuna ba. Wuri ta sani. Ba ta da hanyar bambance dosiyen da na rubuta jiya da wanda aka saka mini a kile a shagon buga takardu. Maganin kuwa yana nan cikin manhajar: ka ware dosiye guda na aikinka kai kaɗai, ka shaida mata ka yarda da shi, duk abin da ka gina a ƙarƙashinsa ba za ta sake tambaya ba. Abin da gwanayenmu ke yi shi ne su ba da yardar ga faifan kwamfuta gaba ɗaya, ko ga dosiyen da duk abin da aka sauko daga intanet ke faɗawa. Mai gadi ya tambaye ka sau biyu, sai ka kore shi ka bar ƙofa buɗe har asuba.

Na uku shi ne ya fi wuya, don ba ya fitowa da baki. Kunya ce. Babba ya ba ka abu, ka tsaya kana bincikensa a gabansa? Ai kamar ka ce masa ɓarawo ne. Mun taso a gidajen da ba a ƙirga canji gaban dattijo. Amma ku je kasuwar Maraɗi ku gani: mai sayen gero yana tura hannu har ƙasan buhu, mai sayarwa bai ce an zage shi ba, don ya san shi ma sayowa ya yi. Mai sayen akuya yana buɗe bakinta. Binciken kaya daban, zargin mutum daban. Babban da ya san aikinsa shi ne zai fara cewa, buɗe ka duba kafin ka yarda. Wanda ya ji haushi don ka duba, girman kansa yake karewa, ba kwamfutarka ba.

Kuma ko mutumin kirki ana iya cin amanarsa. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa! Ya bi diddigi, ya gano ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, Lasse Collin, yana gyare-gyare na gaskiya, har aka ba shi ikon sa hannu. Collin bai cuci kowa ba. Gajiya ta yi masa yawa, ya sami mai taimako, ya yarda. Abin da ya ceci duniya a ranar shi ne mutum guda da ya ƙi cewa "ai kullum haka take yi".

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan bar masu ƙera manhajojin nan su wuce salin-alin ba. Sun san sarai cewa gargaɗin da ya yawaita ya zama ƙarar injin niƙa, kunne ya daina jin sa. Tun 2013 wasu masu bincike biyu, Devdatta Akhawe da Adrienne Porter Felt, suka duba gargaɗi fiye da miliyan 25 da aka nuna wa masu shiga intanet, suka iske wani nau'in gargaɗin Chrome kusan kashi 70 cikin ɗari na lokuta tsallake shi ake yi. Waɗannan kuwa da yawansu cikin harshen uwarsu aka yi musu magana. Mu fa? VS Code na da fassara cikin Faransanci da Jamusanci da Rashanci da Sinanci da wasunsu, babu Hausa. Ana yi wa yaro tambaya mafi nauyi a harshensa na biyu ko na uku, da kalmar da ta haɗe sani da amana wuri guda, a sa maɓallin "i" ya fi ɗaukar ido, sannan in abu ya lalace a ce ai kai ka yarda. Wannan rabinsa kariya ce, rabinsa wanke hannu.

Sai dai kuka da su ba zai dawo da muryar tsohuwar nan ba. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, mun yi ta turawa juna. To ga aiki ya zo. Harshen ƙasa da ba ya iya gaya wa ɗansa "tsaya, akwai rami" a kan allo, har yanzu da sauransa. Wa zai zaɓi kalmar, in ba mu da muke karatun harshe ba? Wa zai zauna da ƴan ilimin kwamfuta ya ce musu "yarda" ba ta isa a nan ba, a sa "amana"? Ni dai ga tawa shawara, a gyara mini: "Dosiyen nan yana iya ba kwamfutarka umarni. Ka san waɗanda suka rubuta shi har ka ba su amanar abin da ke ciki?" Maɓalli ɗaya ya ce "Bari in duba tukuna", ɗayan ya ce "Na ba su amana". Ina so in ga mai hannun da zai danna na biyun ido rufe.

Kafin ranar ta zo, abin da nake roƙon duk mai riƙe da ɗan littafin nan kaɗan ne. Dosiyen da ba kai ka rubuta ba, fara buɗe shi cikin yanayin taƙaitawa, ba ya cin ko dala. Leƙa cikin .vscode ka karanta tasks.json, in ka ga umarnin da ba ka gane ba, ko adireshin intanet da ba ka san dalilinsa ba, tambayi wanda ya ba ka, matambayi ba ya ɓata. Tambaye shi kuma a ina ya samo. Kada ka ba da yarda ga dukan faifai. Fayil ɗin Word da ya ce sai ka kunna masa wani abu kafin ya nuna maka rubutu, rufe shi. Tun 2022 Microsoft da kanta ta fara toshe irin waɗannan umarni a fayilolin da suka fito daga intanet, ba don nishaɗi ba. Aikin da ba za ka iya sake yin sa ba, ajiye shi wuri biyu, ɗayan a kilen da ba ya yawo hannu-hannu.

Ku kuma manyanmu na ɗakunan kwana, masu gyara wa kowa kwamfuta, muna ganin ƙoƙarinku, Allah ya saka. Amma ƙannenku kwaikwayon yatsunku suke yi. In kun koya musu gajerar hanya, ku koya musu inda ramin yake.

Ranar nan a zaure, ni da ƙanena mun janye yardar da ya bayar, muka buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya muka karanta. Bai kai minti goma ba. Ba mu sami komai ba, samfurin lafiya lau yake. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Da ma na faɗa maka."

Na ce, "Ɗazu sa'a ka ci. Yanzu ne ka sani."